Daga Daɗin Kowa Zuwa Sakatariyar Gomwalk: Yadda Jos Ke Tunawa da 'Yan Sandanta

Unguwar Daɗin Kowa, wadda bai kamata a gauraya ta da garin Daɗin Kowa na jihar Gombe mai madatsar ruwa ba, tana kan babbar hanyar da ta haɗa tsakiyar Jos da Bukuru, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, kuma wanda ya tsaya a bakin wannan hanya yana tsakanin wurare biyu da suka shafi tarihin 'yan sandan Nijeriya. Idan ya nufi kudu, wajen Bukuru, zai tarar da Kwalejin Manyan Jami'an 'Yan Sanda, inda hafsoshin rundunar daga kowace jiha suke zuwa ƙaro ilmi kafin a ɗora musu manyan muƙamai. Idan kuwa ya nufi arewa, ba zai yi nisa ba zai iso sakatariyar gwamnatin jihar Filato, wadda take ɗauke da sunan Joseph Dechi Gomwalk, ɗan sandan da ya mulki wannan ƙasa shekara takwas, aka kuma harbe shi a Legas yana da shekara 41. A tsakanin waɗannan gine-gine biyu akwai ɗakunan haya da ƙananan gidaje inda kurata da kofur-kofur da saje-saje suke zaune da matansu da 'ya'yansu, mutanen da idan ajali ya same su babu titin da za a raɗa wa sunansu, sai dai hoto a bangon falo da addu'ar waɗanda suka ci moriyarsu. Abin da ya haɗa gwamnan da kurtun shi ne, duk abin da kaki ya jawo wa mai shi, na ɗaukaka ko na wahala, iyalinsa ne suke ɗaukar kaso mafi nauyi, yana raye da kuma bayan ransa.

Sunan aikin da kansa yana ɗauke da tarihinsa. Ɗan sanda shi ne mai riƙe da sanda, wato kulkin da Turawan mulkin mallaka suka danƙa wa ma'aikatan tsaronsu, kuma masu jin Hausa suna cikin aikin tun farkonsa, domin 'yar rundunar mutum 30 da aka kafa a Legas a 1861 ita ce ta bunƙasa har aka riƙa kiranta rundunar Hausawa, saboda harshen da akasarin dakarunta suke magana da shi. A 1930 aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda mai hedikwata a Legas. Sai dai talakan Arewa ya fi sanin wasu masu tsaron daban, wato dogaran sarki masu jar riga da kore, da kuma 'yan doka, waɗanda su ne 'yan sandan En'e, hukumar gargajiya da Turawa suka bar wa tattara haraji da shari'a da kurkuku. A Jos, garin da haƙar kuza ta haifa a farkon ƙarni na 20 ta kuma cika shi da leburori da fatake daga Kano da Bauci da Barno da ƙasashen Yarbawa da Ibo, rundunonin biyu sun daɗe suna aiki a gari ɗaya, wannan tana karɓar umarni daga Legas, waccan daga fadar hukumar gargajiya. Siyasar jamhuriya ta farko ta ɓata sunan 'yan doka, domin 'yan hamayya na jam'iyyun NEPU da UMBC sun yi ta kukan cewa da su ake hana lacca, da su ake kama magoya baya, shi ya sa gwamnatin soja ta yanke shawarar rushe su, aka fara shigar da su cikin rundunar tarayya daga 1968. Wannan sauyi ya zo daidai lokacin da ɗan sanda ne yake zaune a gidan gwamnati a Jos.

An haifi Joseph Gomwalk ranar 13 ga Afrilu, 1935, a Amper ta ƙasar Angas, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Kanke. Ya yi karatun sakandare a Gindiri, makarantar da mishan ɗin SUM ta kafa, wadda ta yaye da yawa daga cikin 'yan bokon farko na Filato, kuma a can an san shi da ƙwazo a aji da kuma a filin wasa. Daga nan ya wuce Jami'ar Ibadan ya karanta ilmin dabbobi, wato nazarin halittarsu da yadda suke rayuwa, a zamanin da masu digiri a duk faɗin Arewa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Ya fara aikin bincike a fannin lafiyar dabbobi a Kaduna, ya koma aikin mulki a gwamnatin Jihar Arewa, daga baya a ta tarayya, sannan a 1966, shekarar da aka yi juyin mulki har sau biyu, ya shiga rundunar 'yan sanda a matsayin babban jami'i. Saboda haka bai bi ta hanyar da akasarin masu kaki suke bi ba, wadda take farawa da kurtu mara igiya a hannun riga, ta bi ta kofur mai igiya biyu da saje mai igiya uku kafin a kai ga sufeto. Shi yana cikin 'yan boko ƙalilan da rundunar ta jawo a wancan lokaci domin cike gurbin Turawan da suka koma gida.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, shugaban ƙasa Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga cikinsu a tsohuwar Jihar Arewa, ya naɗa Gomwalk gwamnan Binuwai-Filato yana ɗan shekara 32. Abin da matasan yau ba su cika sani ba shi ne, rabin gwamnonin Arewa shida na wancan lokaci 'yan sanda ne: Audu Baƙo a Kano, Usman Faruk a jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, da Gomwalk a Jos. Dalilin a fili yake, domin yaƙin basasa yana bakin ƙofa, hafsoshin soja sun yi ƙaranci bayan kashe-kashen 1966, kuma rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Sufeto Janar Kam Selem ta zama abokiyar tafiyar gwamnati, har shi kansa Kam Selem yana cikin Majalisar Ƙoli ta Soja. Jihar da aka miƙa wa Gomwalk ta miƙe tun daga duwatsun Jos har Makurɗi da Oturkpo, ta haɗa da Lafiya da Keffi da Wukari, tana da ƙabilu da harsuna masu yawan gaske, kudancinta kuma yana iyaka da fagen daga. Kusan komai sai an gina shi daga tushe, tun da ma'aikatu da manyan makarantu da kafafen watsa labarai na Arewa duk a Kaduna da Zariya suke.

A nan ne sunansa ya kafu, kuma abin da ya bari har yanzu ana iya taɓa shi da hannu. Da ya nemi jami'a ga jiharsa, tsohuwar makarantarsa ya nufa, inda Jami'ar Ibadan ta amince ta buɗe reshe a Jos a watan Nuwamba na 1971, reshen da ya zama Jami'ar Jos mai cin gashin kanta a 1975. A 1972 ya kafa jaridar Nigeria Standard, saboda ganin da mutanen jihar suke yi cewa jaridun Kaduna da Legas ba sa ba su fili, kuma da yake babu injin ɗab'i a Jos tukuna, a Benin aka fara buga ta da taimakon gwamnatin Samuel Ogbemudia. Dogon benen kamfanin jaridar da titin da yake kai duk sunan Gomwalk suke ɗauke da shi a yau. Gidan talabijin ɗin da ya kafa wa jihar shi ne aka sani da fara watsa hotuna masu launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen talabijin na jihohi ta haɗa su ƙarƙashin NTA a 1977, kuma ba mamaki ba ne da kwalejin koyar da aikin talabijin ta wannan hukuma take a Rayfield, maƙwabciyar Daɗin Kowa. Babbar kasuwar Terminus ma a zamaninsa aka ɗauki niyyarta, ko da yake sai a 1985 aka kammala ta, gobara kuma ta cinye ta a watan Fabrairu na 2002, har yau ba a mayar da ita yadda take ba.

Amma aikin da ya fi nuna halin mutumin, a ganin mai nazari, shi ne gandun namun dajin Jos da aka keɓe a 1972 a kan hanyar Miango, tafiya kaɗan daga Daɗin Kowa, fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8 na duwatsu da ƙoramu da itatuwa. Mai mulki a ƙarshen yaƙi yana da uzurin da zai sa ya ce irin wannan ba yanzu ba, amma masanin dabbobin da ke cikin kakin bai bari an yanka filin an raba ba, kuma a shekarar ce aka keɓe gandun Pandam a kudancin jihar Filato ta yau. Duk ranar sallah ko kirsimeti ana ganin amfanin wannan shawara: magidanci ya saɓa ƙaramin ɗansa a wuya domin ya hango jimina ta bayan waya, uwa ta shimfiɗa zane a inuwa ta buɗe kwanon shinkafa, yara sanye da sababbin kaya suna tsere a kan duwatsu, Musulmi da Kirista a layi ɗaya wajen sayen tikiti. Wuraren da talakan Jos zai kai iyalinsa su wuni da kuɗi kaɗan ba su da yawa, kuma wannan, duk da lalacewar da rashin kulawa ta jawo masa, yana cikinsu.

Tarihin bai tsaya a nan ba, kuma ba adalci ba ne a ɓoye sauran. A 1974, bayan takardar rantsuwar da Godwin Daboh ya shigar ta tilasta wa Joseph Tarka sauka daga muƙamin kwamishinan tarayya, Aper Aku, wanda daga baya ya zama gwamnan farar hula na jihar Binuwai, ya shigar da tasa yana zargin Gomwalk da almundahana. Gowon ya wanke gwamnan, aka tsare Aku, kuma wannan mataki ya ƙara wa mutane jin cewa gwamnonin sun fi ƙarfin shugaban ƙasa. Da aka hamɓarar da Gowon ranar 29 ga Yuli, 1975, Janar Murtala Muhammed, wanda ya gaje shi, ya sauke gwamnonin duka, kwamitin binciken kadarori kuma ya sami goma daga cikin sha biyu da laifi, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma kaɗai suka tsira. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka raba jihar da Gomwalk ya gina gida biyu, Binuwai da Filato.

Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motar Murtala wuta a Legas yana kan hanyarsa ta zuwa ofis, suka kashe shi yana da shekara 37, aka kuma kashe gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. Baƙin cikin da wannan kisa ya jefa ƙasar ciki na gaske ne, Kano ba ta manta da shi ba har gobe. An yi shari'ar waɗanda ake tuhuma da hannu a lamarin a asirce a gaban kotun soja ta musamman, aka harbe mutum 32 ranar 11 ga Maris, cikinsu har da kwamishinan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla, sannan ranar 15 ga Mayu aka harbe wasu bakwai, Dimka da Gomwalk suna ciki. Da yawa daga cikin waɗanda aka kashe 'yan Filato ne, saboda haka a cikin wata uku ƙauyuka da unguwannin wannan jiha suka cika da gwauraye da marayu waɗanda ko zaman makoki a fili yana yi musu wuya. Hukuncin ya shiga har cikin gidaje, domin Helen Gomwalk, matar ɗan'uwan tsohon gwamnan, an yanke mata ɗaurin rai da rai, an kuma ɗaure Kyaftin Isaiah Gowon, ɗan'uwan tsohon shugaban ƙasa. Shi Gowon, wanda aka zarga yana Ingila, Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1981, Ibrahim Babangida ya mayar masa da muƙaminsa a 1987, amma wanda aka riga aka harbe ba shi da bakin kare kansa.

Mai rubuta tarihi ba shi da ikon wanke wanda kotu ta hukunta, haka nan ba dole ba ne ya ɗauki hukuncin da aka yanke a ɓoye, cikin zafin rai, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba, tamkar yankan wuƙa. Abin da yake a bayyane shi ne mutanen Filato sun yanke nasu hukuncin ta hanyar da suke da iko a kai: gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, babu wadda ta cire sunansa daga sakatariya, kuma kiraye-kirayen a yi masa afuwa bayan mutuwa ba su daina fitowa daga jihar ba.

Rayuwar ƙaramin ɗan sanda ba ta da irin wannan tarihi da ake rubutawa, amma nauyin da take ɗora wa gida bai gaza ba. Rundunar ta tarayya ce, ma'aikatanta kimanin 370,000, saboda haka sigina ɗaya, wato takardar umarni daga hedikwata, tana iya ɗauke magidanci daga Jos zuwa Yobe ko Bayelsa cikin 'yan kwanaki, matarsa ta zaɓa tsakanin ta kwashe yara daga makaranta ta bi shi, ko ta zauna ta riƙe gida ita kaɗai. Barikin da ya kamata ya ba su matsuguni ba ya ɗaukar ko da rabin ma'aikata, wanda ya samu kuwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, an raba shi da labule, bayan gida da madafi na tarayya ne da maƙwabta. Shi ya sa da yawa suke kama haya a unguwannin da ke kan hanyar Jos zuwa Bukuru. A irin wannan ɗaki kakin da aka goge yana rataye a ƙusa an lulluɓe shi da leda saboda ƙura, takalmin da aka shafa wa mai yana ƙarƙashin gado kusa da akwatin ƙarfe, kuma idan maigida yana aikin dare a shingen bincike cikin sanyin Disamba da Janairu, wanda duk wanda ya kwana a Jos ya san shi, uwargida ba ta yin barcin kirki sai ta ji ƙarar takalminsa a tsakar gida da asuba. Da safe ita ce za ta ɗora kaskon ƙosai ko ta kai buhun dankalin Turawa bakin titi, domin albashi ba ya kai ƙarshen wata.

A wannan ɗakin ne ake biyan kuɗin gaskiyar ɗan sanda. Kowa ya san 'yan canjin da direbobi suke dunƙulewa su miƙa a shinge, kowa ya san yadda belin da doka ta ce kyauta ne yake komawa ciniki a caji ofis, kuma jami'in da ya kame hannunsa daga wannan ba shi kaɗai yake haƙura ba, domin matarsa ce za ta ga na maƙwabciya sun koma makarantar kuɗi nata suna ta gwamnati, 'ya'yansa ne za su ci tuwo da miyar da babu nama. Saboda haka idan aka ji maƙwabta suna cewa wane mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, yabon na mutum biyu ne ko fiye, ko da yake sunan ɗaya ake ambata. Ana cewa ɗan sanda abokin kowa, amma wanda ya cika wannan kirari ya cika shi ne da yardar gidansa.

Jos ta sa wannan aiki ya fi wuya fiye da yawancin garuruwa. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, ya ci rayuka kimanin 1,000 cikin ƙasa da mako guda. Na ƙarshen Nuwamba 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya ci ɗaruruwa cikin kwana biyu. A 2010 aka sake yin wani a Janairu, aka yi kisan Dogo Nahawa a Maris, bama-bamai suka tashi a jajibirin kirsimeti, sannan ranar 20 ga Mayu, 2014, tagwayen bama-bamai a Terminus suka hallaka aƙalla mutum 118. Ɗan sanda a irin wannan gari yana da addini da ƙabila kamar kowa, kuma kowane ɓangare yana duban sunan da ke ƙirjinsa kafin ya dubi kakinsa. Rundunar ma ba ta fita da hannu mai tsabta ba, domin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara shaidar kisan aƙalla mutum 133 da 'yan sanda da sojoji suka yi ba bisa ƙa'ida ba a rikicin 2008, kuma 'yan kwantar da tarzoma aka fi ambata. Iyalan waɗancan mamata suna da haƙƙin da ba a biya su ba, kuma rashin hukunta masu laifin ya zalunci jami'in kirki shi ma, tun da ya bar shi yana sanye da kaki ɗaya da wanda ya yi kisa.

Daɗin Kowa ta yi suna ne saboda ba ta ƙone ba. Musulmi da Kirista suna zaune a cikinta a cakuɗe, unguwannin da ke kusa da ita kamar Anglo Jos da Bukuru sun ga wuta a 2010, amma ita ta tsallake, kuma malamar jami'a Jana Krause, wadda ta yi bincike a unguwar ta wallafa littafi a kai a 2018, ta nuna cewa ba yawan bindigogin hukuma ne ya tsare ta ba. Mata ne suka taru suka matsa wa mazajensu, dattawan masallaci da na coci suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya aka karanta wa jama'a, matasa suka yi sintirin haɗin gwiwa, aka hana 'yan waje shigowa da fitina, aka kuma hana 'yan gida fita neman ta, wanda ya ƙi ji kuwa aka miƙa sunansa ga jami'an tsaro. Darasin da ke cikin wannan ga aikin ɗan sanda babba ne, domin ya nuna cewa jami'in da yake da amfani a ranar tashin hankali shi ne wanda mai unguwa da limami da fasto suka san lambar wayarsa, suka kuma yarda cewa idan aka ba shi yaro zai bi doka da shi, ba zai sayar da shi ba, ba zai kuma kashe shi ba. Irin wannan yarda ba a kawo ta cikin mota daga hedikwata. A wajen suna da biki da jana'iza ake tara ta, shekara da shekaru.

Idan mutuwa ta zo a bakin aiki, takan zo da yawa. Ranar 7 ga Mayu, 2013, 'yan ƙungiyar Ombatse suka yi wa ayarin jami'an tsaro kwanton ɓauna a Alakyo kusa da Lafiya, ƙasar da take cikin jihar Gomwalk a da, suka kashe 74, akasarinsu 'yan sanda, da yawa daga rundunar kwantar da tarzoma ta Akwanga, har matan mamatan suka fito suka tare babbar hanya suna neman a nuna musu gawarwakin mazajensu. A watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar neman rushe sashen SARS, wadda ita ma cin zalin wasu jami'ai ne ya haife ta, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da sanarwar kashe 'yan sanda 22. Ga wanda aka sami gawarsa, idan Musulmi ne a yi masa sutura a ranar, a yi zaman makoki, matarsa ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Idan Kirista ne a kwana ana waƙoƙin yabo, zumuntar mata ta cocinsu ta zo da anko, a lulluɓe akwatin da tuta, abokan aiki su yi masa faretin ban kwana a ƙauyensu.

Bayan an watse ne wahalar take farawa. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta wajabta inshorar rai ta rukuni, wato inshorar da mai ɗaukar aiki yake biya wa ma'aikatansa gaba ɗaya, ta kuma ce abin da za a ba magada kada ya gaza ninki uku na albashin shekara. A takarda wannan tanadi ne mai kyau. A aikace sai gwauruwa ta haɗa takardar shaidar mutuwa, da siginar da ta tabbatar da rasuwar, da takardar kotu ta izinin karɓar gado, da shaidar cewa ita ce magajiyar da mamacin ya rubuta, wanda sau da yawa sunan uba ko ɗan'uwa ne ya sa tun yana kurtu kafin ya yi aure bai kuma canza ba. Daga nan fayil ya kama hanyar Abuja, kuma bukukuwan raba cek da rundunar take yi lokaci lokaci sukan haɗa da iyalan waɗanda suka rasu shekaru da dama da suka wuce. Wanda Allah ya ja kwanansa ya cika shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa shi ma bai huta ba, domin an bar 'yan sanda cikin tsarin fanshon karo-karo, inda ake tara wani kaso na albashi a asusun mutum a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, alhali an cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga ciki. Wannan bambanci ne ya fito da tsofaffin 'yan sanda kan titunan Abuja ranar 21 ga Yuli, 2025, dattawa masu furfura riƙe da kwalaye a ƙofar hedikwatar da suka yi wa hidima, kuma kukan ba sabo ba ne, tun da rashin biyan haƙƙoƙi ne ya jawo yajin aikin ƙananan 'yan sanda na Fabrairu 2002, na farko a tarihin rundunar.

Sojoji suna da ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya tun da daɗewa, amma sai a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana 7 ga Afrilu a matsayin ranar 'yan sanda ta ƙasa, aka fara bikinta a 2025. Kafin wannan da bayansa, barikin ne yake riƙe da sunayen mamatansa, kuma abin mamaki shi ne duk da abin da suka gani da idonsu, 'ya'yan bariki ba su daina shiga aikin iyayensu ba. Audu Baƙo kansa a barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi a 1924, ɗan wani jami'i da ya shafe shekara 36 a kaki, ya shiga aikin a 1942, ya koyar da dokokin aiki a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, kafin ya je Kano ya gina madatsun Tiga da Bagauda da gidan namun dajin da ake kira da sunansa. Mafi yawan 'ya'yan bariki ba su kai nan ba. Ɗakin bariki na mai aiki ne, saboda haka bayan ɗan wa'adi ana buƙatar makullin domin wani jami'in da aka yo wa canji yana jira da nasa iyalin, sai gwauruwa ta nemi ɗaki a cikin gari daidai ƙarfinta, ta ɗora gado da akwatin ƙarfe da hoton maigida a kan a-kori-kura, ta ci gaba da zuwa hedikwata duk bayan 'yan makonni tana tambayar inda fayil ya kwana.